Ruwan zogale zai sa ɗana ya yi tsayi?

Tambaya: Likita, ɗana yana da wata 14, amma duk cikin sa'anninsa shi ne ƙarami. A wurin awo an ce tsayinsa ya gaza. Wani mai magani ya ce in riƙa dafa zogale ina ba shi ruwan safe da yamma. Na jima ina yi, ban ga canji ba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankali, yaronki bai fita daga kwanaki 1,000 na farko ba, wato daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Tsumburewa tana da wuyar gyaruwa bayan nan, amma ke da sauran lokacinki.

Maganar ruwan zogale kuwa ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Zogale abinci ne, cin sa ake yi. Furotin ɗinsa da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, yawancinsu suna cikin ganyen da kike tacewa ki zubar. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in kika cika shi da koren ruwa, ina zai sa abinci? Mai maganin nan ya taɓa auna yaron? Mafi muni, har jarirai 'yan wata biyu ake ɗura wa wannan ruwa, su kama zawo, zawon ya ƙara tsumbure su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba su.

Ki shanya ganyen a inuwa, ki daka, ki zuba ƙaramin cokali a abincinsa mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali. Ki ɗiga mai, don jiki ba ya ɗaukar bitamin A sosai sai da maiƙo. Ki riƙa sauyawa da kuka, alayyafo, kabewa da wake. Gyaɗa a niƙa, wadda ta yi fumfuna a zubar, tana da guba. Ganye kaɗai ba zai isa ba, sai da ƙwai ko kifi ko hanta. Ya ci sau uku zuwa huɗu a rana, kuma kada ki yaye shi.

Ki ci gaba da kai shi awo duk wata. In ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a ranar za ki kai shi asibiti.