Ninja 650, R7 ko CBR650R don hawan yau da kullum?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana neman babur na zuwa aiki kullum, kana kuma shakka tsakanin Kawasaki Ninja 650, Yamaha R7 da Honda CBR650R. Ni dai Ninja 650 zan ba ka shawara.

Abin da ya fi muhimmanci a hawan kullum shi ne zama. R7 an ƙera shi da kan babur (inda ake riƙewa a tuƙa) a ƙasa, sai ka kwanta a kan tanki, nauyinka duk ya sauka a wuyan hannu. A titin tsere daɗi ne, amma a cunkoson gari, kana riƙe da kulochi cikin rana, bayanka zai gaya maka kafin ka kai ofis. Wurin zamansa ma ya fi tsawo, milimita 835 a samfurin 2022, alhali na Ninja 790 ne, ƙafarka za ta taka ƙasa sosai. Tankin Ninja lita 15 ne, na R7 samfurin 2022 kuwa 13.

CBR650R silinda huɗu ne, sauran biyun silinda bibbiyu. Ya fi su ƙarfi da daɗin ƙara, sai dai ƙarfinsa yana fitowa ne idan ka ja shi sosai, kuma a cikin gari ba za ka samu filin yin hakan ba. Ya fi shan mai, gyaransa ma ya fi tsada.

Idan na hannu za ka saya, je da bakaniken da ya saba da manyan babura, ya duba sarƙa, taya da birki. Ka kuma ware kuɗin hular kwano mai kyau tun yanzu.