Tambaya da Amsa: Ain Dubai da yawon jirgin ruwa a yini ɗaya

Tambaya: Malam, zan je Dubai da iyalina. Za mu iya hawa Ain Dubai mu kuma shiga jirgin yawo a rana guda?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Wannan ƙaton lilo mai siffar taya yana tsibirin Bluewaters, tsayinsa mita 250, da ɗakunan gilashi 48 masu na'urar sanyi. Zagaye ɗaya kan ci kusan minti 38. Daga unguwar JBR (Jumeirah Beach Residence) akwai gadar masu tafiya a ƙasa da za ta kai ku tsibirin.

Ku yanki tikiti ta intanet tun da wuri, ku zaɓi gab da faɗuwar rana. Da tsakar rana, musamman lokacin zafi, hazo kan rufe gari, sai a hau ba a ga Palm Jumeirah, tsibirin nan mai siffar bishiyar dabino, sosai ba. Ku tabbatar lilon yana aiki ranar, domin an taɓa rufe shi daga 2022 har ƙarshen 2024.

Bayan magariba sai ku wuce Dubai Marina, unguwa mai mashigin ruwa da aka haƙa, inda jiragen katako na Larabawa ke tashi. Da yara ko mai saurin jiri, na fi son ku ɗauki wanda ke zagaye cikin marina, ruwan a kwance yake. Ƙananan jirage masu gudu kan fita teku, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga su.