Tazarar kyamarori a hoton 3D: fara sanin inda za a kalle shi

Ɗan'uwa, ka tambayi nawa za ka bari tsakanin kyamarorinka biyu, da kuma hanyar kallon da ta fi. Na daɗe a harkar nan, kuma a ganina ta biyun ce ke yanke wa ta farkon hukunci.

Tsakanin idanun babban mutum wajen milimita 63 zuwa 65 ne, shi ya sa kyamarorin da aka ƙera don wannan aiki ba sa wuce haka da yawa. Fujifilm W3 milimita 75 gare ta. Wannan tazara na yin daidai idan abin da ya fi kusa da kai yana wajen mita 2. Ga lissafin da muka saba da shi: auna nisan abu mafi kusa, ka raba shi gida 30. Mita 3 zai ba ka santimita 10. Furen da ke santimita 30 daga kyamara, santimita 1 kacal. In duwatsu ne kuma babu komai gabanka sai bayan mita 60, kana iya buɗewa har mita 2, amma ka sani za su fito ƙanana kamar kayan wasan yara, don ka ari idon ƙato ne ka kalle su. In ka jawo hoto da zum, rage tazarar.

Ka lura, na ce abu mafi kusa, ban ce abin da kake son ɗauka ba. Nan na sha ƙonewa. Na taɓa lissafi da wani gini, ashe reshen bishiya ya leƙo ta gefe, duk wanda ya kalla sai ya murza ido. Kada kuma ka karkato kyamarorin su fuskanci juna. Su miƙe sambal, gyaran jeri ka yi shi daga baya a manhajar StereoPhoto Maker, kyauta ce.

To, batun kallo. A waya ko ƙaramin kati, kallon miƙe, wato a jera hotunan biyu gefe da gefe kowane ido ya kalli na ɓangarensa, na yiwuwa matuƙar faɗin kowane hoto bai wuce tazarar idonka ba. Kallon harara-garke, inda ake sauya hoton dama zuwa hagu, yana ɗaukar hoto babba, sai dai mutane da yawa ba sa iyawa, wasu kuma kansu ke ciwo. Tabarau mai ja da shuɗi, jan a idon hagu, ya fi sauƙin raba wa jama'a, amma yana kashe launi, jar riga musamman, kuma da tazara ta yi yawa inuwa biyu za ta bayyana. Da shi nakan rage, in raba gida 40 ko 50. Ni dai akwatin kallo mai gilashi biyu na fi so, jikan na'urar da masanin kimiyya ɗan Ingila Charles Wheatstone ya gabatar a 1838, don kowane ido nasa kaɗai yake gani.

Babban allo ne ke da haɗari. Bambancin da ba ya damun kowa a waya, majigi na faɗaɗa shi. Idan hotuna biyun abu mai nisa suka rabu fiye da santimita 6 da rabi a jikin allon, idanun mai kallo sai sun buɗe waje, abin da ba a halicce su su yi ba.

In abin ba ya motsi, ɗauki hoto uku ko huɗu kana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa dama. Daga baya ka haɗa biyu mafi kusa don allo, biyu mafi nisa don waya.