Fitilar Buta da Fitilar Cek Injin: Wacce Ce Babba?

Ɗazu ka yi mini tambaya ina ƙarƙashin mota, ban amsa ba saboda hannuna na cikin aiki. Ka ce, "Oga, mutum biyu suka kira ka da safe. Na farko ya ce fitilar cek injin ta dashbod ɗinsa ta kama, ka ce ya ci gaba da harkarsa, ya kawo motar gobe. Na biyu ya ce 'yar fitilar baƙin mai, mai hoton buta, ce kawai take ƙyaftawa, amma ka ce ya kashe motar a inda yake, kada ya ƙara ko taku ɗaya. Ni a ganina ta injin ce babba." To jawo benci ka zauna, yaro.

Hoton ne ya ruɗe ka. Ka ga hoton injin, sai ka ɗauka ita ce uwar fitilu. Kafin ka kalli hoto, fara kallon launi. Ja tana cewa tsaya yanzu. Ruwan ɗorawa ko ruwan goro tana cewa akwai matsala, a duba ba da daɗewa ba. Kore da shuɗi kuwa ba ƙorafi suke yi ba, abin da direba ya kunna suke tuna masa. Cek injin ruwan ɗorawa ce. Buta ja ce.

Butar nan mutane da yawa sun ɗauka yawan baƙin mai take aunawa. A'a, ƙarfin turin man take kallo. Famfon mai yana zuƙo shi daga kwanon ƙasan injin ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf, babban sandan cikin injin, yake juyawa a kai. Karanshaf da metal ba sa taɓa juna idan injin na da lafiya. Abin da ke tsakaninsu siririn mai ne wanda bai kai kaurin gashin kanka ba, a kansa ƙarfen yake iyo. Idan allurar juyin injin tana kan 3,000 a minti, karanshaf na juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ka ƙiyasta abin da zai faru idan man nan ya janye. Injin mai lafiya a kan tafiya yakan riƙe turin bar 2 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne), amma maɓallin da ke kunna butar a yawancin motoci ba ya motsi sai turin ya faɗi ƙasa da rabin bar. Wato lokacin da ka gan ta, an riga an ci rabin tafiya zuwa ga ɓarna. Shi ya sa ban ce wa mai butar nan ya lallaɓo ba. Lallaɓawar minti biyar ta isa injin ya buga.

Idan ka isa wurin irin wannan mota, ka bar ta ta ɗan huta man ya koma ƙasa, ka zare ma'aunin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In babu mai, ka zuba, sannan ka nemi inda ya tafi: ɗiga yake yi ko ƙonewa. In kuwa mai na nan cike amma buta na ci, kada ka yi saurin cewa maɓallin ne ya mutu. Kwance shi, ka ɗaura geji a gurbinsa, ka ga lamba da idonka. Butar da ke ƙyaftawa a silo bayan injin ya yi zafi, ta ɗauke idan an taka totur, yawanci labarin metal da ya ci take ba ka, ko rariyar famfo ta toshe da dattin tsohon mai, ko kuma man ya tsinke.

Ni kaina a nan na sha marin da har yau nake ji. Ina shekarunka, maigidana ba ya nan, aka kawo mota buta na ƙyaftawa. Na ga mai cike, na canza maɓalli, ta ci gaba da ƙyaftawa, na ce wa mai motar matsalar waya ce, ya tafi abinsa. Washegari da igiya aka jawo ta. Da muka buɗe, rariyar ta toshe ƙam. Gejin yana rataye a bango, minti goma zai ɗauke ni.

Ita kuma cek injin kwamfutar mota ce take cewa, na ga wani abu da bai yi daidai da lissafina ba, na rubuta na ajiye. Abin zai iya zama babba, zai iya zama murfin tankin mai ne ba a ɗaure shi da kyau ba. Shi ya sa na tambayi mutumin farko abu uku: a tsaye take ko tana ƙyaftawa, injin na rawa, allurar zafi tana ina. Ya ce a tsaye take, motar na tafiya sumul, zafi daidai. Wannan zai iya kwana. Da ya ce ƙyaftawa take yi, da amsata ta canza. Cek injin mai ƙyaftawa tana nufin wata silinda ba ta ƙona fetur ɗinta, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa yana ƙonewa a cikin katalis, wato matatar hayaƙi, har ya narkar da shi. Matsalar fulogi ɗaya ko kwayil ɗaya sai ta jawo asarar abin da ya ninka su tsada sau da yawa.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin da ake kira OBD-II, Turai ta bi da irin nata a 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu dizal. Shi ne soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda kake ganin ina jona na'ura. To ga inda yawancin yaran yanzu suke faɗawa rami. Na'ura ta ba su lamba, sai su ruga su sayo abin da aka ambata sunansa. Lamba ba ta cewa canza kaza, tana cewa a nan na ji ciwo. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. Bai ce fulogi ba, bai ce kwayil ba, bai ce nozul ba. Ɗauke kwayil ɗin ka mayar da shi silinda ta biyu. In lambar ta koma P0302, ka kama ɓarawonka ba ka kashe wa mai mota ko sisi a banza ba. In ta tsaya a ɗaya, sai ka matsa ga fulogi, ga nozul, ga matsin silindar. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa a haɗin. Sensar da ke salansa ce ta kawo rahoton, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa: wata roba ce ta tsage tana shan iska, ko famfon fetur ya gaji. Wanda ya canza sensar ya kori ɗan aike ne, saƙon kuwa yana nan.

Kuma kada ka taɓa goge lamba kafin ka rubuta ta. Kwamfutar tana ajiye hoton yanayin da motar take ciki lokacin da abin ya faru: gudu nawa, zafi nawa, allura a nawa. Ka goge, ka zubar da shaidarka. Gogewa ba gyara ba ce. Idan ka gyara da gaske, fitilar ma da kanta takan mutu bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta dawo ba.

Akwai abin da nake so ya zame maka jiki. Duk motar da ka shiga, murɗa makulli zuwa inda dashbod ke kawo wuta, kada ka tayar. Dukkan fitilun gargaɗi ya kamata su kama, motar tana gwada su ne. Ka ƙirga su: buta, batir, cek injin, ABS (tsarin da ke hana taya ƙullewa a birki), jakar iska, birki. Wadda ba ta fito ba ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, don ko ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi. Na taɓa buɗe dashbod na tarar an liƙe fitila da baƙin salatif. Na ga wadda aka haɗa wayarta da ta buta don su mutu tare da zarar injin ya tashi. Fitilar jakar iska da ta ABS a motoci da yawa sukan ɗan jima, daƙiƙa kaɗan, suna gama binciken kansu kafin su ɗauke. In ka ga komai ya mutu a ƙiftawa ɗaya tare da buta, ka sa alamar tambaya. Wannan aikin ba a yin sa a wurina, ko mai mota ya roƙa.

Fitilar batir ma sunanta na yaudara. Ba batir take zargi ba, cewa take caji ya tsaya. Ɗora mita: batir mai lafiya a kashe yana ba ka kusan volt 12.6, idan injin na aiki ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In injin na aiki ka ga 12 ko ƙasa, motar tana cin ajiyarta ne, kuma za ta mutu a hanya. Kafin ka kwance altaneta, leƙa fambel. In direba ya ce fitilar ta kama, sitiyari ya yi nauyi, zafi ya fara hawa, duk a lokaci guda, ba ka buƙatar mita, fambel ya tsinke, don a motoci da yawa shi kaɗai ke juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: a tsofaffin motoci da yawa, ta cikin ƙwan fitilar nan 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi. Ƙwan ya ƙone, caji na iya ƙin farawa, a yi ta sauke altaneta mai lafiya ana mayarwa.

Fitilar zafi, mai hoton ma'aunin zafi, ja ce ita ma, hukuncinta ɗaya da buta. Injin yana son zama wajen digiri 90. Murfin lagireto yana riƙe matsi kusan bar 1, wanda ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ka buɗe murfin da zafi, matsin ya tafi, ruwan gaba ɗaya ya tafasa a fuskarka. Jira ya huce. Ka kuma lura, idan ruwa ya zube ƙaf, allura na iya hawa ta dawo ƙasa kamar an samu sauƙi, alhali sensar ce ta rasa ruwan da za ta auna. Shuɗiyar fitila mai irin wannan hoton a wasu motoci sanyi kawai take nufi, za ta mutu da injin ya ɗumama.

Jar fitilar birki, da'ira mai alamar motsin rai a ciki, fara da birkin hannu. In an sauke shi tana nan, man birki ya yi ƙasa. Kada ka cika ka sallami mutum. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Ko fad ya cinye har man ya bi fistin ya sauka, ko akwai inda yake zuba. ABS ita kaɗai, birki na kamawa, sai dai taya na iya ƙullewa idan an taka da ƙarfi, kuma galibi sensar taya ce ta yi datti ko wayarta ta tsinke. Amma in ABS da jar birki suka kama tare, motar ba ta hawa titi sai an duba. Fitilar mota mai zane-zanen santsi a ƙarƙashinta, in tana ƙyaftawa a kan tafiya aikinta take yi, taya ce ta zame. In ta tsaya cak, sannan akwai magana.

Jakar iska kuwa, wayoyinta masu soket ruwan ɗorawa, ban yarda ka kai musu mita ko fitilar gwaji ba. 'Yar wutar mita na iya tayar da ita, kuma tana fita ne da ƙarfin da zai karya maka wuya. Cire kan batir, jira 'yan mintoci, sannan ka kira ni. Yawanci soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki saboda ja da turawa, ko nannaɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ta tsinke, wanda za ka gane idan hon ma ya daina.

Wata rana za a kawo maka mota dashbod ya kama gaba ɗaya kamar gidan biki, mai ita hankalinsa a tashe. Kwantar da naka. Abu bakwai ba sa lalacewa rana ɗaya. Kwamfutocin motar zamani a kan wayoyi biyu suke hira da juna, kuma dukkansu batir ɗaya suke sha. Wuta ta yi ƙasa, ko kan batir ya yi tsatsa, ko wayar da ke ɗaure a jikin bodi ta saki, sai kowacce ta fara kuka. Daga batir za ka fara.

Sauran ƙanana ne. Shuɗiya mai haskoki a miƙe doguwar fitila ce, a sauke ta idan mota na tahowa. Sigina in ta koma ƙyaftawa da sauri, ƙwai ɗaya ya ƙone a wannan gefen, ko an sa LED wanda ba ya jan wuta kamar na asali. Fitilar hazo ta gaba kore ce, ta baya ruwan goro. Mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai iskar taya ce, kuma in ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, sensar cikin tayar ce ta samu matsala, ba iskar ba. A motar dizal, nannaɗaɗɗiyar waya na nufin jira hita ta gama kafin ka tayar. Hoton sifana a motoci da yawa, ko rubutun MAINT REQD a Toyota, lissafin kilomita ne kawai na lokacin juye mai, babu abin da ya lalace. 'Yar kibiyar da ke gefen hoton famfon fetur kuma ɓangaren da murfin tanki yake take nunawa.

Ga motar mai butar nan an jawo ta, tana bakin ƙofa. Kada ka tayar. Ɗauko gejin da ke rataye bayan ƙofa da sifana mai dogon baki, ka fara zare ma'aunin mai ka zo ka nuna mini.