Na bar cin maiƙo amma kolestarol ɗina bai sauka ba

Malam, ka ce wata uku ka daina cin soye-soye amma gwaji bai canza ba. To ai jiki ne da kansa, musamman hanta, ke haɗa mafi yawan kolestarol ɗin, ba abinci kaɗai ba. Kuma tunda mai ba ya narkewa cikin jini, wani ƙunshin furotin da mai da ake kira LDL ne ke ɗaukar kolestarol ɗin ya kai wa ƙwayoyin jiki, su kuma suna da wasu ƙofofi da ke cafke shi su shigar ciki, rarar a tara ta a ɗigon kitse. In ƙofofin nan sun yi ƙaranci, wani gado ne ma, sai LDL ya taru a jini ko da mutum siriri ne. Wasu masana kimiyya biyu na Amurka, Brown da Goldstein, su ne suka gano hakan, har suka samu Nobel a 1985.

In kana shan statin, wato maganin rage kolestarol, kar ka daina sha da kanka. In akwai ciwon zuciya da wuri a danginku, gaya wa likita.