Sau Biyu An Ɗura Gas, Yanzu Kuma Wai Kwamfireso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Esin ɗakina, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya daina sanyi tun farkon bazara. Mai gyara ya ce gas ne ya ƙare, ya ɗura, bayan wata guda ya sake ɗurawa. Yanzu kuma wai kwamfireso ne ya mutu, sai an sayo sabo. Cutata ake yi ko haka abin yake? Daga Maman Fa'iza, Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gas ɗin esi ba man janareta ba ne da zai ƙare don an yi aiki da shi. A cikin rufaffen bututu yake zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Mai gyaran kirki zai shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun, inda kumfa ya taso nan ɓarakar take, ya toshe sannan ya ɗura. Naki kam ruwa ya yi ta zubawa a kwando, da kuɗinki. Kuma aiki da ƙarancin gas yana iya ƙona kwamfireson da gaske, wato injin da ke tura gas ɗin cikin bututun.

Sai dai kada ki yarda tukuna. Bara a gidana na Gyaɗi-Gyaɗi wani yaro ya kasa kunne jikin na'urar waje, ya ji tana gurnani ba ta tashi, ya ce min sai dai haƙuri. Na kira wani dattijo, ya kwance murfi ya zaro kafasita, abu kamar gwangwanin lemo da ke taimaka wa kwamfireso ya tashi, samansa ya kumbura. Aka canza, kafin la'asar ɗaki ya yi sanyi. A gyaran esi kafasita na cikin mafi araha, gas ya fi shi tsada, kwamfireso kuwa shi ne uban kuɗi, har wani lokacin gara mutum ya cika ya sayi sabon esi.

Don haka ki nemi wani ya zo ya gwada da mita a gabanki. Ni masu sayar da ƙanƙara nake tambaya, don abincinsu na kan firiza, sun san mai hannu sun san ɗan damfara. Ki zaɓi mai shago tsayayye da za a iya komawa wurinsa. Ya faɗi kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, ki aiki yaro Sabon Gari ya taya a shago biyu ko uku, tunda farashin kayan nan dala yake bi. Duk abin da ya cire ya bar miki shi.

A duba takardar jikin na'urar ma don sanin irin gas ɗinta: R22 ne, R410A ko R32? Ba a cakuɗa su.

In an ɗauke wuta an dawo da ita, a ba esin minti 3 kafin a kunna, in kuma wutar unguwarku mai rauni ce a haɗa masa stabilaiza. Ragar gabansa fa, tun ƙurar hunturu an wanke ta kuwa? Ki fara ɗaga murfin ki leƙa.