Ƙullutun da ke fitowa a wurin karaya

Ɗana, ka ce da muka kwance wa yaron nan na Zango kara, ka shafa hannunsa ka ji ƙullutu mai tauri daidai inda ya karye, kana tambaya ko ɗorin ne bai yi ba, ko a murza shi ya baje. Kada ka kuskura ka murza. Wannan ƙullutun shi ne warakar.

Gobe ka biya wurin mahauta a Kasuwar Dole, ka roƙe su su tsaga maka ƙashin cinyar bijimi a tsaye. Daga waje za ka ga siririn tantani manne da shi, cike da hanyoyin jini. Ƙarƙashinsa ɓawo ne mai tauri, wajen kawunan kuma ƙashi mai ramuka-ramuka, ga ɓargo a tsakiya. Namu ma haka yake, guda 206 a jikin babba, kowanne da rai, jini na shiga yana fita.

A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma aikinsu irin na maginan Birni ne. Osteyobilas su ne masu aza gini: suna shimfiɗa zaren wani furotin da ake kira kolajin, ma'adinan kalsiyam da fosfet su zauna a kai ya sandare. Wanda ginin ya rufe da shi a ciki ya zama osteyosayit, yana nan yana jin nauyin da ake ɗora wa ƙashin. Osteyokilas kuwa kankare tsohon ƙashi suke yi.

In ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare tsakanin bakunan biyu. Cikin sati 2 zuwa 3 guringuntsi mai taushi ya haɗa su. Nan ne wurin tsoro, don motsi kaɗan yana raba shi, shi ya sa kake jin ina faɗa da iyayen da ke kwance ɗauri wai su leƙa. Daga baya guringuntsin ya rikiɗe ya zama ƙashi, har ya fi na da kauri. Abin da ka taɓa ke nan. Osteyokilas masu kankarewa za su yi ta rage shi wata da watanni har ya daidaita.

Yaro yana riga tsoho warkewa saboda tantanin ƙashinsa ya fi kauri, ya fi yawan magina. Amma kusa da gaɓarsa akwai guringuntsin da ƙashin ke tsawo ta wurinsa, kuma in ya lalace hannu na iya karkacewa ko ya gajarce. Karaya a nan, da wadda ƙashi ya huda fata, ba namu ba ne. Ka tura su babban asibitin Damagaram a ɗauki hoto.

Duk wanda ka ɗaure wa kara kuma, ka bar yatsu a waje. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ciwon na ƙaruwa, ɗaurin ya tare jini. Ka sassauta nan take, ko tsakar dare ne, ka raka shi wurin likita.